Da adashen Innata ake binciken ciwon da ke kashe mu

Rubutun yau zai yi tsawo, wanda datarsa ta yi ƙasa ya ajiye sai dare. Amma duk mai shirin yin digiri na biyu a fannin lafiya, ko wanda ya riga ya faɗa ciki irina, don Allah ya daure ya kai ƙarshe.

Ranar Talatar da ta wuce na kai wa malamin da ke duba furojet ɗina kasafin aikin. Ba zan kama sunansa ba, ba zan kama sunan jami'ar ba, domin mutumin kirki ne, kuma matsalar ta fi ƙarfin jami'a ɗaya. Ya karɓi takardar, ya gyara tabarau, ya bi ta layi-layi: kuɗin keke da mota zuwa ƙananan asibitoci shida, biyu a cikin Jalingo, huɗu a ƙauyukan Ardo Kola da Lau, kuɗin buga takardun tambayoyi, kuɗin kwamitin ɗa'ar bincike, ɗan alawus na mutum biyu da za su yi mini tafinta da Fulatanci da yaren Mumuye. Jimla naira 640,000. Ya ɗago ya ce, "Ɗana, wa zai biya?" Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe." Ya yi irin dariyar nan da babu daɗi a cikinta, ya ce, "Ka ji shawarata, ka sauya maudu'i. Ka auna sanin ɗalibai game da zazzaɓin Lassa. Ka raba takarda 300 a ɗakunan kwana, sati biyu ka gama, ka karɓi shaidarka. Haka 'yan bara suka yi."

Na fito raina a jagule, har na iso gida Majidaɗi ban yi wa kowa magana ba. Ban ga laifinsa ba. Shi ma da albashinsa ya buga ayyukansa har ya kai matsayin da yake, ya san zafin abin, yana neman ya sauƙaƙa mini ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a wannan ofis ɗin, cikin minti goma, aljihuna ya yanke hukuncin abin da Taraba za ta sani game da ciwonta. Kuma haka ake yi a kowane sashe, kowace shekara, daga Jalingo har Sakkwato.

Bari ku ji dalilin da ya sa na nace wa wannan maudu'in. Kafin na koma karatu na yi shekara uku ina aiki a wani ƙaramin asibiti. Akwai wata babbarmu da muke ce wa Anti, ita ta koya mini neman jijiya a hannun jariri. Wata shekara cikin sanyin Janairu zazzaɓi ya kama ta. Ta sha maganin maleriya, bai sauka ba. Aka yi mata gwajin taifot, aka ce shi ne, ta shiga allurai. Tana zuwa aiki a haka, tana karɓar haihuwa. Sai a kwana na tara, da jini ya fara fita daga dasashinta, wani ya ce, "Kai, ko dai Lassa ce?" Aka garzaya da ita babban asibiti, aka ɗebi jini. Sakamako ya iso bayan mun yi addu'ar uku. Mu bakwai muka yi kwana 21 ana auna mana zafin jiki safe da yamma, kowa na jiran nasa. Allah ya jiƙan Anti, ya raya abin da ta bari.

Ma'aikaciyar lafiya ke nan, mai shekara ashirin a bakin aiki, ta yi kwana tara kafin a ambaci sunan ciwon. To ina ga manomin da ke bayan Kogin Binuwai? Tun 1969 aka gano wannan cuta a garin Lassa na jihar Borno. Rahotannin hukumar NCDC na 'yan shekarun nan kullum suna jera Taraba tare da Ondo, Edo da Bauchi a sahun gaba. An san ɓera ke ɗauke da ita, an san da rani take tashi, an san farkonta ba ya bambanta da maleriya, an san wasu da suka warke kan kurumce. Maganin da ake bayarwa, ribavirin, an ce ya fi amfani idan an fara shi cikin kwana shida na farko, kuma hujjar hakan ta fito ne daga wani bincike na ƙasar Saliyo da aka wallafa a 1986, wanda masana yanzu suke ja da ingancinsa. Tambayata ƙarama ce: daga ranar da mai zazzaɓi ya fara neman magani zuwa ranar da wani ya yi zargin Lassa, kwana nawa ne ke salwanta, kuma a ina? A kemis? A hannunmu mu ma'aikatan ƙananan asibitoci? A kuɗin mota? A tsoron killacewa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai ɗakin nan ba shi da kuɗin tsani.

Yanzu mu bi sawun kuɗin, don kada a ce ihu kawai nake.

Akwai TETFund, asusun da dokar 2011 ta kafa, wanda ake tara masa haraji daga ribar kamfanoni, aka fara da kashi 2 cikin 100 har ya kai kashi 3 a 2023. Yana da babban tallafin bincike na ƙasa, yana da na cikin jami'a, yana biya wa malamai karatun digiri na biyu da na uku. Madalla. Amma ƙofar ta malaman manyan makarantun gwamnati ce. Ɗalibin da ba ma'aikacin jami'a ba, sai dai ya raɓu da wani malami. Nas ɗin da ke Zing, ko jami'in lafiyar al'umma da ya fito daga kwalejin Takum yake aiki a Gassol, ba ya cikin lissafin kwata-kwata.

Akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Ita ta kafa asusun BHCPF, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kodayake sai a kasafin 2018 aka fara saka shi. Kuɗin magani ne, da gyaran gini, da inshora, da agajin gaggawa. Dokar ta kuma tanadi kwamitin binciken lafiya na ƙasa. Ku da kuke aiki a ƙananan asibitoci, ku faɗa mini, wa ya taɓa ganin sanarwar da ta ce ma'aikacin matakin farko ya kawo tambayarsa za a biya masa ya bincika?

Alƙawura kuwa ba a magana. A Abuja, cikin Afrilun 2001, shugabannin Afirka suka ce za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. Mu masu masaukin baƙi ba mu taɓa kaiwa ba. A Bamako, cikin Nuwamban 2008, ministoci suka amince a ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiya don bincike, shawarar da wani kwamitin duniya ya bayar tun 1990. Man fetur yana da asusunsa, PTDF, mai tura yara Ingila da Jamus su yi digiri na biyu da na uku. Ban ƙi ba, Allah ya ƙara. Amma ina asusun da zai tura ungozoma ta koyi bincike a kan jinin da take gani kullum?

Ko kuɗin ya samu, ina tsanin hawa? A Ingila suna da hukumar NIHR tun 2006, har da makaranta guda ta binciken lafiya a matakin farko. Matashin likita a can yana iya samun gurbin da aka rubuta masa a takardar aiki cewa kashi uku cikin huɗu na lokacinsa na marasa lafiya ne, kashi ɗaya na bincike, da albashinsa cif. Daga nan akwai mataki na digiri na uku, akwai na bayansa, nas da ungozoma ma suna da nasu layin. A nan likita mai neman ƙwarewa dole ya rubuta kundin bincike kafin ya zama babban likita, amma da dare zai yi shi bayan kwanan asibiti. Mu kuwa da ba likitoci ba, idan ka gama digiri na biyu ka koma bakin aiki, teburinka na da za ka tarar, da rajistarka ta da. Hanyar ci gaba biyu ce: ka bar marasa lafiya ka nemi koyarwa, ko ka bar gwamnati ka bi ƙungiyoyin agaji. Ta uku ita ce filin jirgi. Shi kansa ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru. Kowa na maganar albashi, kuma gaskiya ne. Amma a cikin masu tafiyar akwai waɗanda tambaya ce a ransu suka rasa inda za su kai ta.

Maganar ƙungiyoyin nan ma, ina da tabo. Shekara biyu da suka wuce wata ƙungiya ta ɗauke mu aikin tattara bayanai na sati uku, biyan kullum. Mu muka tsallaka ruwa a kwalekwale, mu muka zauna da masu unguwanni, mu muka lallashi matan da suka ce ba za su yi magana da baƙo ba. Ni na gaya musu tambaya ta goma sha biyu ba za ta fassaru ba sai an sake ta, aka sake. Bara na ci karo da aikin a wata mujallar Turai, sunaye goma sha ɗaya a sama, babu ko ɗaya daga Taraba. A can ƙasa aka gode wa "masu tattara bayanai". Da na so karanta shi gaba ɗaya sai aka ce in biya da dala. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma har yau babu wanda ya koma ƙauyukan nan ya gaya musu abin da aka gano a jikinsu. Gobe idan sun rufe mana ƙofa sai mu ce jahilci ne. Mutanen Arewa ba su manta da gwajin Trovan na Kano a 1996 ba, kuma kowa ya ga yadda wannan tabo ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Amana ba ta dawowa da mota mai tambari. Sai mai binciken ya zama ɗan gida, wanda za a gani a masallaci ko a coci ko a wurin suna bayan aikin ya ƙare.

Na san abin da wasunku za su rubuta a ƙasa, don an faɗa mini baki da baki: "Asibitin da babu safar hannu, babu ruwa, babu fitila, kai kana maganar bincike? A fara sayen magani tukuna." Na yarda a sayi magani. Amma ku duba misalai uku, dukkansu na gida.

Na farko, jini bayan haihuwa. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2023 aka wallafa binciken E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata sama da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Me aka gwada? Wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, tana tara jinin a ga adadinsa da ido maimakon kintace, sannan a haɗa matakan tsayar da jinin a yi su lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya. Munanan sakamakon zubar jini suka ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Magungunan duk an san su tun da. Bincike ne ya nuna yadda za a yi amfani da su.

Na biyu, saran kububuwa, wanda duk ɗan Karim Lamido da Lau ya san shi. Tun shekarun 1970 David Warrell, yana ABU Zariya, ya yi nazarin wannan maciji, har da marasa lafiya na asibitin mishan na Bambur, nan cikin Tarabar yau. Bayan shekaru, a Kaltungo, aka gwada magunguna biyu na EchiTAb a kan mutum 400, aka wallafa a 2010, da likitocinmu irin su Farfesa Abdulrazaq Habib a ciki. Kafin nan an sha sayo maganin dafin da aka yi don macizan wata nahiya, a kashe kuɗi, mutum ya mutu. Ka ga rashin bincike ma yana da tsada, kuma da rai ake biya.

Na uku, Irrua a jihar Edo. Ƙaramin gari ne, amma yau duk duniya idan ana maganar Lassa sai an ambaci asibitinsa, domin sun kafa cibiyar bincike, sun ƙulla da wata cibiya ta Hamburg a Jamus, sun horar da 'ya'yansu. Ciwon da ke Edo shi ke Taraba. Bambancin shi ne su sun mayar da masifarsu makaranta.

Wasu kuma za su ce, "Ai tallafin waje yana nan, ka nema mana." Yana nan. Ƙungiyar RSTMH ta Ingila tana bai wa masu tasowa har fam 5,000. Shirin TDR na Hukumar Lafiya ta Duniya yana ba da gurbin digiri na biyu. Akwai horon binciken annoba na NFELTP da ake yi tare da ABU da Jami'ar Ibadan. Akwai cibiyar ACEPHAP a Bayero. Amma ku duba CARTA, babban shirin digiri na uku na lafiyar al'umma a Afirka: jami'o'insa na Najeriya Ibadan ce da Ife. Ba hassada nake ba, sun yi aiki ne suka samu. A can yaro yana shekarar ƙarshe ya riga ya ga yadda ake rubuta neman tallafi, domin malaminsa yana da shi, malamin malaminsa ma ya yi. Mai tallafi yana tambayar me ka taɓa wallafawa. Wallafawa tana son bayanai masu kyau, bayanai suna son kuɗi, kuɗi kuma yana son ka taɓa wallafawa. Wanda ba a ba shi naira 500,000 ta farko ba, ba zai taɓa isa ga fam 5,000 ba.

To yanzu mu juyo kanmu, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu nawa ne muka sayi furojet a shagon kwamfuta, aka sauya Enugu aka sa Jalingo? Mu nawa muka zauna ƙarƙashin bishiyar mangwaro da biro kala uku muka cike takardun tambayoyi da kanmu? Na gani da idona, ku ma kun gani. Idan irin wannan ƙarya ce a darasin adabi, asara ce. A fannin lafiya kuwa, wani yana iya ɗaukar alƙalumanka ya tsara rabon magani da su. Sanarwar tallafi za ta shigo zauren WhatsApp ɗinmu, mutum 200 a ciki, babu mai buɗewa, amma a jefo maganar siyasa ko ƙwallo ka ga saƙo 400 kafin la'asar. Idan an kira taron koyon lissafin bincike kyauta, tambayar farko ita ce akwai kuɗin mota? Da wane baki za mu ce a ba mu amanar miliyoyi? Rashin kuɗi ne ya haifi wannan hali, na yarda, amma yanzu halin ya girma har yana korar kuɗin.

Ga abin da nake ganin za mu nema, kuma babu wanda ya fi ƙarfin jiha:

1. Gwamnatin Taraba ta buɗe ƙaramin asusun binciken lafiya a matakin farko, a yi gasa a fili, a buga sunayen waɗanda suka ci da maudu'insu. Ko ɗalibi 30 a shekara, kowa naira miliyan 1, bai kai kuɗin motar babban jami'i ɗaya ba. Gwamna Agbu Kefas ya rage kuɗin makarantar jami'ar jiha da rabi a 2023, ke nan kunnen yana ji idan maganar ilimi ce.

2. Hukumar lafiya matakin farko ta jiha ta fitar da jerin tambayoyin da take son amsarsu kowace shekara, ɗalibai su zaɓa daga ciki, kuma duk wanda ya gama ya zo ya gabatar a gaban shugabannin asibitocin da ya yi aikin.

3. Ma'aikacin da ya yi digiri na biyu a ba shi yini ɗaya a sati na bincike, a rubuce, kuma a lissafa aikin a ƙarin girma.

4. Jami'ar jiha, Jami'ar Tarayya ta Wukari, FMC Jalingo da kwalejojin lafiya su haɗa kai su kafa cibiya guda ta Lassa da saran maciji. Marasa lafiyar suna nan, abin da ya rage a haɗa masana.

5. TETFund ta sa sharaɗi cewa duk babban tallafin da ta bai wa malami ya ɗauki nauyin aikin ɗalibai aƙalla biyu.

6. Duk ƙungiyar da za ta yi bincike a jihar nan, kwamitin ɗa'a ya tambaye ta: wane ɗan jiha ne a cikin marubuta, kuma yaushe za ku dawo wa mutane da sakamako?

Ni dai na yanke shawara. Ban sauya maudu'i ba. Na rage asibitocin daga shida zuwa uku, na san hakan zai rage wa aikin ƙarfi, kuma zan rubuta haka a cikinsa ba ɓoye-ɓoye. Daren Alhamis Inna ta kira ni ɗaki ta ce, "Na ji ka kana lissafi a waya. Ɗaukar adashenmu ta wannan wata tawa ce, ka karɓa." Na ce, "Inna, ai na rufin ɗakinki ne, damina na tafe." Ta ce, "Ba don baiwar Allahn nan da ta rasu kake yi ba? Karɓi, ka yi shi da gaskiya." Na karɓa, amma wallahi da kunya na karɓa. Jiha mai mutum miliyoyi, a ce mai sayar da ƙosai ce ke ɗaukar nauyin binciken annobarta.

Asabar mai zuwa bayan la'asar mu huɗu za mu zauna a nan Majidaɗi mu fara rubuta takardar koke zuwa ma'aikatar lafiya da majalisar jiha, kuma kowa zai zo da sanarwar tallafi guda ɗaya mu cike ta tare, ko za a ƙi mu. Duk ɗalibin lafiya da ke Jalingo, likita ne, nas ce, ɗan ɗakin gwaji ne, Musulmi ko Kirista, ya yi mini magana ta akwatin saƙo. 'Yan Yola, Gombe, Bauchi da Maiduguri, ku rubuta mana a ƙasa nawa furojet ɗinku ya ci kuma wa ya biya, mu haɗa da shi a cikin takardar.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa iyayenmu da alheri.